Zauren Malam: Gammon Nama Na Kirsimati

  Mu nan Kankiya hunturu ya sauka sosai, hazo ya rufe gari, da safe sai ka ga yara sun shigo aji hannu a hammata, leɓe duk ya tsage. An gama yankan dawa, amfani ya shiga rumbu, kowane maigida ya fara lissafin Kirsimati a zuci. Wannan wata zan bar maganar tarbiyyar yara da muka saba, in leƙa madafa. Iyayenmu mata ku yi mini gafara, na san ba gonata ba ce. Amma akwai dalili, ga shi kuwa.

A Kirsimatin 1923 ba a haife ni ba, amma a Kirsimatin 2023 na ji kunyar da ta isa shekara ɗari. Kun tuna shekarar da aka janye tallafin man fetur, kome ya yi tsada, kuɗin mota ya ninka. Akuya ɗaya muka iya yankawa a gidana. Da aka taso daga sujada baƙi suka cika zaure, dattawan ikkilisiya da abokan aiki da maƙwabta. Uwargida ta zubo nama cikin babbar samira, aka ajiye a gabanmu. Ku kun san yadda ake yi. Wanda ke kusa da kwano ya miƙa hannu, wanda ke nesa ya ji nauyi. Hira ta yi daɗi, samira ta koma ciki wayam, aka sāke ciko ta. Wajen ƙarfe huɗu na yamma sai ga sallama. Matar marigayi ƙanen mahaifina ce, daga wani ƙauye na ƙasar Kusada, ita da jikokinta biyu. Ta daɗe a Gidan Mutum Ɗaya tana jiran mota, shi ya sa ta makara. Uwargida ta kira ni gefe, murya ƙasa ƙasa, ta ce, "Malam, tukunya fa ba kome sai romo da ƙashi." Abin da muka sa a gaban Inna ke nan, shinkafa da romo da ƙashi. Ta ci, ta sa albarka, ba ta ce uffan ba. Ni kuwa na ga idon yaran nan biyu yana bin kwanon da aka fitar daga zaure.

Daren nan ban yi barci da kyau ba. Ni ne mai tsayawa gaban yara ranar Lahadi ina koya musu sura 6 ta Ayyukan Manzanni, inda aka yi gunaguni cikin ikkilisiyar farko domin ana manta da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci na yau da kullum, har manzanni suka sa aka zaɓi mutum bakwai su kula da wannan aiki. Ga shi an manta da gwauruwa a cikin gidana, ba da mugunta ba, sai domin rashin tsari. Naman bai yi kaɗan ba. Rabon ne ya lalace.

Da shekara ta kewayo, 'yata ta dawo hutu daga makaranta a Zariya, ta nuna mini wani hoto cikin wayarta. Ta ce, "Baba, dubi abin da Turawa ke yi da Kirsimati. Mu ma mu gwada mana." Na duba. Wani faffaɗan katako ne, an jera masa yankakken nama siriri kamar takarda, da cuku, da 'ya'yan itace, da ɗanyen ganye, an kewaya su zagaye, tsakiya kuwa an bar ta fili. Na yi dariya na ce, "Wannan ai gammo ne." Gama ba abin da ya tuna mini sai gammon da mata ke naɗawa su ɗora tulu a kai. Tun daga ranar sunan ya zauna a gidanmu, gammon nama.

Da fari na so in watsar da zancen, domin ba na son mu riƙa kwaikwayon kome da muka gani wurin Bature. Amma na bincika, na kuwa sami abu biyu da suka sa na sāke tunani.

Na ɗaya shi ne naman. Irin wannan jeri sunansa sharkutari, kalmar Faransanci ce, asalinta kuwa daga kalmomi biyu masu ma'anar dafaffen nama. Sana'a ce ta mutanen Faransa tun ɗaruruwan shekaru, ta adana nama da gishiri da hayaƙi da shanya domin ya daɗe bai lalace ba, tun ba a san firji ba. Yawancinsa naman alade ne. To, da na ji haka sai na ce, ashe ba su fi mu ba. Mu ma muna da tamu sana'a tun kaka da kakanni. Mene ne kilishi in ba nama da aka feɗe siriri, aka shanya a rana, aka tsoma cikin labu na tunkuza da kayan yaji, aka sāke shanyawa, aka gasa sama sama ba? Mene ne dambun nama in ba dabarar sa nama ya yi makonni ba? Matafiya da fatake da maniyyata aikin haji sun daɗe suna yin guzuri da su. Abin da Bature ya fi mu a nan jerawa ce kawai, ita kuwa jerawa ba a sayenta da kuɗi.

Na biyu shi ne siffar. Turawa suna yin kewayen ɗanyen ganye su rataye a ƙofa ko su ajiye a tebur lokacin Kirsimati. Wanda ake sa wa kyandir, watau na makonni huɗu na jiran Kirsimati, ya samo asali ne daga wani malami Bajamushe mai suna Johann Wichern. A 1833 ya buɗe gida domin yara matalauta a Hamburg, ƙasar Jamus. Yaran suka dame shi da tambaya kowace safiya, yaushe Kirsimati za ta zo? Sai a 1839 ya ɗauki tsohuwar ƙafar keken doki, ya kafa mata kyandirori, manya huɗu domin ranakun Lahadi, ƙanana kuma domin sauran ranaku, ana kunna ɗaya kowace rana har ranar ta iso. Wannan labari ya yi mini daɗi ƙwarai, ko domin malami ne irina, mai fama da tambayoyin yara. Abin lura shi ne, bai je kanti ya sayo kome ba. Abin da ke jingine a bayan gida ya ɗauka. Ban ga abin da zai hana mu ɗaukar tire da faifai mu yi namu ba.

Amma bari in faɗi gaskiya, ba kyan gani ne ya ja ni ba. Ina duban hoton nan sai na ga watanda. Kowa a ƙasar nan ya san watanda. Mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa kashi kashi a kan tabarma, kowane kashi da tsokarsa da ƙashinsa da 'yar hanta da tumbi, ba wanda zai ce an cuce shi. Kwano mai zurfi yana ɓoye nama, ba ka san nawa ya rage ba sai hannunka ya taɓa ƙasa. Gammo kuwa a fili yake. Ba shi da kai, ba shi da gindi, duk inda mutum ya zauna rabonsa yana gabansa, daidai da na kowa. Mai kunya ba ya bukatar miƙa hannu ya ƙetare gaban surukinsa, mai dogon hannu kuma yana ganin iyakar gonarsa. Wannan ne abin da na rasa a 2023.

Kafin mu kai ga jerawa, akwai magana mai nauyi, ita ce ta yanka. Mu Kiristan Kankiya da Kusada 'yan kaɗan ne a tsakiyar Musulmi, kuma da yawa daga cikinsu danginmu ne na jini. Kowace Babbar Salla yaran maƙwabtana suna shigowa da kwanuka, wannan cinya, wancan soye. Ba su taɓa tsallake ƙofata ba. Idan Kirsimati ta zo, bashi ne a kaina. To, ina amfanin in aika wa mutum abin da ba zai iya ci ba, ya karɓa da murmushi domin kunya, ya zagaya ya ba kare? Saboda haka a gidana mahauci Musulmi nake kira ya yanka dabbar Kirsimati, a ƙofar gida, a idon jama'a, domin kada kowa ya yi shakka. Naman alade ba ya hawa tiren nan, ko tukunyar da ta taɓa dafa shi ba ta shiga wannan aiki. Abin sha kuwa zoɓo ne da kunun aya.

Na san akwai 'yan'uwa da ba su yarda da wannan ba. Wani saurayi mai himma cikin ƙungiyar matasa ya taɓa ce mini, "Malam, ashe yankanmu ba yanka ba ne? Don me za mu ƙasƙantar da kanmu?" Tambayar tana da ƙarfi, ban raina ta ba. Na amsa masa cewa yankanmu yanka ne, ranar da zan ci ni da iyalina ni nake riƙe wuƙa, ba na kiran kowa. Amma abin da za ka kai wa maƙwabci, zuciyarsa za ka duba, ba taka ba. Na ce ya je ya karanta Romawa sura 14 da 1 Korintiyawa sura 8 da ta 10, ya ga yadda Manzo Bulus, wanda ya fi mu sanin 'yancin Kirista, ya yarda ya bar nama ɗungum da ya zama sanadin tuntuɓe ga wani, ya kuma gargaɗe mu kada mu ɓata wa na cikin ikkilisiya ko na waje rai a kan abin ci. Ban sani ko ya gamsu ba, amma ya ci tsiren.

Yanzu ga yadda muka yi a Kirsimatin 2024, wanda kuma za mu maimaita bana in Ubangiji ya yarda.

Aikin yana farawa da fensir, ba da wuƙa ba. Maigida da uwargida su zauna su ƙirga baƙin da suke zato, da gidajen maƙwabta da za a aika wa, sa'an nan su ƙara kashi ɗaya bisa uku a kan jimlar domin waɗanda ba a zata ba. Mu mun ƙirga mutum 36, muka ƙara 12, ya zama 48. Watau tire huɗu ke nan, kowanne kashi 12. Na zaɓi 12 ne domin kowane yaro ya san fuskar agogo, in ka ce masa ya sa dabino a ƙarfe uku ba zai ɓata ba.

Dambu shi ne ƙashin bayan gammo, gama shi ne ke sa nama kaɗan ya yi auki. A fara shi tun ran 22 ko 23 ga wata. A sami tsoka zalla marar kitse, kilo ɗaya, ta sa ko ta akuya. A dafa da albasa biyu, da citta, da tafarnuwa, da ɗan kanumfari da masoro, da gishiri da dunƙule, da ruwa daidai wanda zai rufe naman. A bar shi a wuta har ruwan ya tsotse, naman ya yi laushin da cokali zai raba shi. A juye a turmi mai tsabta a daka har ya zama zare zare. Sai a soya cikin man gyaɗa kamar gwangwanin madara ɗaya, a wuta marar ƙarfi, ana juyawa ba tsayawa. Nan ne wurin haƙuri. In aka yi gaggawa waje ya ƙone, ciki da sauran ruwa, kwana biyu sai ya yi tsami. Uwargida takan ɗebi kaɗan ta murza a yatsa, in ya yi ƙaras ƙaras ya saki yatsan, to, ya yi. A tsane man a kwando, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe. Kilo ɗayan nan ya ishe mu tire biyu, kowane kashi cokali biyu.

Kilishi kuwa shawarata a saya wurin masu sana'ar. Feɗe nama ya zama kamar mayafi ba aikin koyo ba ne a mako ɗaya, na gwada sau ɗaya na sami abin da ya fi kama da tafin takalmi. A saya wurin wanda aka sani, a sansana, a duba kada a ga fari farin fumfuna ko danshi. Da an kawo gida a ɗan nuna masa garwashi, sa'an nan a yayyanka da almakashi mai tsabta, faɗin yatsu uku. Ba a bukatar mai yawa. Kilishi a gammo kamar gishiri ne a miya.

Ran 24 da yamma a yanka dabba. Kai da ƙafa da kayan ciki su tafi tukunyar farfesu, tsokar kuma a yanka ta gunduwa gunduwa daidai wa daida, a tafasa da kayan ƙamshi, a soya har ta bushe. In akwai saurayi a gidan da ya iya tsire, a ba shi cinya ɗaya da ƙuli ƙuli ya nuna gwanintarsa da safe. Ƙwai a dafa shi ran 25 da asuba. Na kaji za a nema, gama ƙwan zabi ya tafi tare da damina. Awara ma da safen za a soya.

Jerawa aikin yara ne, bayan sun wanke hannu da sabulu a gaban idonka. A wanke babban tire a goge. Wanda ba shi da tire ya ɗauki sabon faifai ya rufe shi da ganyen kabeji. A kife ƙaramin kwano a tsakiya domin ya tsare ramin gammon. A shimfiɗa ganyen latas kewaye da shi, bakin ganyen yana leƙowa waje. Sa'an nan a sa dabino 12 a gefe, kamar lambobin agogo, su ne iyakar gona da gona. Tsakanin kowane dabino da ɗan'uwansa a zuba dambu cokali biyu cikin ɗan ganyen kabeji mai kamar kwano, a sa soyayyen nama gunduwa biyu, kilishi ɗaya a tsaye, rabin ƙwai, da awara biyu. In an gama sai a buɗe kwanon tsakiya a zuba yaji a ciki. Daga ƙarshe a watsa jan tumatir da tattasai da zoben albasa domin ado. Kore da ja da fari, ga shi ya fito kamar na hoton, har ya fi, domin namu yana ƙamshi.

Kuskure ɗaya muka yi, kada ku maimaita. A tire na farko yara suka jingina tumatir da albasa a jikin kilishi tun da safe. Kafin a taso daga sujada kilishin ya sha ruwa ya yi laɓo laɓo kamar tsumma, dambun kusa da shi ma ya jiƙe. Ɗanyen kaya sai baƙi sun zauna ake sa su, kuma nesa da busassun.

Maganar tsabta ba ta wasa ba ce, kada murnar Kirsimati ta ƙare a gadon asibiti. Latas da kabeji daga lambu suke, ba ka san ruwan da aka yi musu ban ruwa da shi ba. A wanke su ganye ganye da ruwa mai tsabta da gishiri, a ɗauraye sau uku, a bar su su tsane. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a fili. Kilishi da busasshen dambu suna jurewa, amma ƙwai da awara da soye ba su jurewa. Shi ya sa ba a jera tire huɗu gaba ɗaya da safe. A jera wanda za a ci yanzu, sauran kayan su zauna cikin kula ko rufaffiyar tukunya, a ɗumama soye kafin a jera na gaba. A rufe tire da wani tire ko farin ƙyalle saboda ƙuda da ƙurar hunturu. Da dare kuma kada a bar ragowa a buɗe. Rani ne lokacin da zazzaɓin Lassa ya fi yaɗuwa a ƙasar nan, ɓera ne kuwa ke kawo shi ta fitsari da kashin da yake bari a kan abinci. Mu 'yan ikkilisiya ya kamata mu fi kowa tunawa da wannan ciwo, gama a 1969 da aka fara gane shi a garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya na mishan ne ya fara kamawa. Kyandir kuma a bar shi a majami'a. Tire mai maiƙo da yara da wuta ba su haɗuwa.

To, sai batun wa zai ci da wa. Hoton Turawa ya nuna maza da mata da yara sun kewaye katako ɗaya. Mu ba haka muke ba, ban kuwa ga dalilin tilasta wa mutane ba. Suruka ba za ta iya haɗiya a gaban surukinta ba, ko da an karanta mata wasiƙun Bulus duka. Shi ya sa muka yi tire ɗaya domin zaure, ɗaya domin tsakar gida, ɗaya domin yara. Sharaɗin kawai shi ne su zama iri ɗaya. Abin da ya hau tiren maza shi zai hau na mata. Ku iyaye maza ku yi mini haƙuri in faɗa: matan da suka kwana uku a bakin murhu su ne sukan ƙare da wuyan kaza da ƙanzo. Zumuntar Mata ba ta taɓa kawo ƙara a kan wannan ba, amma rashin ƙara ba shi ne rashin laifi ba. Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa a sura 11 domin a taronsu wani yana ƙoshi wani yana jin yunwa, ban ga inda ya ce mata ba su cikin lissafi ba.

Wani dattijo da nake girmamawa ya dubi tiren zaure ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, a ƙasarmu babba ba ya cin kashi ɗaya da yaro." Na ce, "Gaskiya ne, Baba." Ban yi gardama ba, domin girmama manya ba abin yarwa ba ne. Na shiga ciki na fito da farfesun kai da hanta a kwano dabam, na ajiye a gabansa shi da tsaransa. Girma ya samu wurinsa, gammo kuma ya tsaya yadda yake. Daga baya na lura ya cinye kashinsa tas, har ya tambaya ko dabinon iyaka na wanda ke dama ne ko na wanda ke hagu. Mun yanke hukunci na dama ne. Ku ma ku yanke naku tun da wuri, musamman a tiren yara, in ba haka ba za ku yi shari'a har la'asar.

Tire na huɗu shi ne dalilin wannan rubutu duka. Ba a jera shi, ba a taɓa kayansa, sai bayan ƙarfe uku. Uwargida ta kulle su a ɗaki ta rataya mabuɗin a wuya, ta ce ko Fasto ne ya tambaya babu. Wannan rabon masu zuwa daga nesa ne, da masu jiran mota, da waɗanda sukan bari sai jama'a ta ragu kafin su yi sallama domin ba su da sabuwar riga. Ubangijinmu ya yi magana a kan irin waɗannan baƙi a Luka sura 14, waɗanda ba za su iya rama gayyata ba. Rabon maƙwabta kuwa shi ake fara fitarwa, tun da safe kafin a tafi sujada, a ƙananan faranti da murfi, kowane gida ɗan ƙaramin gammonsa tare da shinkafa ko waina.

Kada wani ya karanta wannan ya je ya ci bashi. Janairu tana nan tafe da kuɗin makaranta, ita ba ta san an yi Kirsimati ba. Wanda ba shi da akuya ya shiga watanda da 'yan'uwa a ikkilisiya. Wanda ba shi da halin watanda, zabo ɗaya ko kaza biyu za su yi dambun da zai kewaye tire. Wanda ba shi da ko wannan ya jera ƙosai da awara da soyayyen dankali da gyaɗa da aya da kantu, ya sa yaji a tsakiya. Na ga an yi haka a gidan wani mai wa'azi a ƙauye, yara kuwa suka yi ta tsalle kamar an yanka sa. Kuma kada a mai da abin doka. Littafi Mai Tsarki bai umarce mu mu yi gammo ba. In yara sun tambayi ma'anarsa, ana iya gaya musu abin da Kirista na waɗansu ƙasashe ke faɗa, cewa kewaye ba shi da farko ba shi da ƙarshe, kamar madawwamiyar ƙaunar Allah, kore kuma alamar rai ne. Wannan ya isa.

Inna ta zo a 2024, ta kuma makara kamar dā, wannan karo da jikoki uku. Ƙarfe huɗu da rabi ta yi sallama. Aka shimfiɗa mata tabarma, 'yata ta durƙusa ta ajiye tire na huɗu a gabanta, sabo fil, ko ganye ɗaya bai yi yaushi ba. Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Ɗana, wannan na waɗanne manyan baƙi ne? A ɗauke kada yaran nan su ɓata." Na ce, "Inna, naku ne." Ta ci kashi ɗaya, yaran suka ci uku, ta ƙulle kilishinta da dabino a bakin mayafi ta ce na wata maƙwabciyarta ce marar lafiya. Kashi takwas da suka rage, kafin magariba duk sun sami masu su. Da za ta tafi washegari ta roƙi uwargida ta ara mata tiren har Sabuwar Shekara. Har yanzu bai dawo ba, na kuwa sa sabo cikin lissafin bana.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu koma kan maganar kuɗin makaranta da yadda iyaye za su shirya masa tun daga kaka. Barkanmu da Kirsimati.